Yaren Gina Shafin Intanet da Tsaronsa: Ta Ina Masu Kutse Ke Shigowa?

Tambayoyi biyu ne suke ta maimaituwa a majalisunmu na Legas tun da samari suka raja'a a kan koyon aikin kwamfuta. Ta farko ta iyaye ce. Uba zai ga ɗansa ya raba dare a gaban laftof, allo baƙi ƙirin, ƙananan rubutu masu launi suna ta gudu, sai ya ja ka gefe bayan sallar isha'i ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, wannan abin da yaron nan yake koyo ba Yahoo ba ne?" Ta biyu ta 'yan kasuwa ce. Alhaji ya biya an gina masa shafin sayar da kaya, an yi watanni ana ciniki lafiya lau, ran nan aka wayi gari shafin yana tallan caca da wani harshe da ba wanda ya iya karantawa. Shi kuma cewa yake yi, "To ba an ce mini akwai kwaɗo a jikinsa ba? Ta ina aka shiga?"

Tushen tambayoyin ɗaya ne. Uban yana zaton duk mai rubuta wa kwamfuta umarni hanyar sata ya kama. Alhajin kuma yana zaton tsaro wani kaya ne da ake sayowa a kafa bayan an gama gini, kamar ƙofar ƙarfe. Dukansu biyu ba su san me ake kira yaren gina shafi ba, balle su san a ina tsaron shafi yake zaune.

Ba banza maganar ta yi ƙarfi yanzu ba. A ƙarshen 2023 ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da matasa miliyan uku a fannin fasahar kwamfuta, kuma ministan da ya kawo shi, Bosun Tijani, yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar fasaha ta CcHUB da ke Yaba, wadda Mark Zuckerberg ya ziyarta a 2016. A 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet wanda aka gina a nan Legas, a kan kuɗin da aka ba da rahoton sun haura dala miliyan 200. Yaron Agege ya ji waɗannan labarai, ga shi jirgin ƙasa na Jan Layi yana sauke shi a Yaba ba tare da ya sha cunkoson Oshodi ba. Dole ya yi marmari.

Me ake nufi da yaren gina shafi?

Kwamfuta ba ta da hankali, biyayya kawai ta iya. Yaren kwamfuta tsari ne na rubuta mata umarni dalla-dalla: in aka danna nan yi kaza, in kuɗin bai kai ba ka ƙi, in sunan ya dace ka buɗe. Wannan rubutun shi samari ke kira kodin.

Shafin intanet kamar shagon babban ɗan kasuwa ne, yana da gaba yana da baya. Gaban shi ne abin da ke sauka cikin wayar mai ziyara, ya bayyana a burauza irin su Chrome. Abu uku ne ke gina shi. HTML, wanda Tim Berners-Lee ya fito da shi a cibiyar CERN a farkon shekarun 1990, shi ne bulo da ginshiƙi: nan kanun magana, nan hoto, nan akwatin rubuta suna. CSS shi ne fenti da ado. JavaScript, wanda Brendan Eich ya rubuta a kamfanin Netscape a 1995, shi ke sa abubuwa motsi, shi ne yaron shago mai kai da kawo.

Bayan shago kuwa yana can a wata kwamfuta da ba ta barci, wadda ake kira sabar, wataƙila a Legas, wataƙila a Jamus ko Amurka. A can ake lissafi, a can ake tabbatar da waye kai, a can kuma sito yake, wato rumbun bayanai, inda sunayen kwastomomi da lambobin wayarsu da abin da kowa ya saya suke ajiye. Yarukan da ke aiki a bayan shago su ne irin su PHP da Python, da JavaScript ɗin kansa idan aka ɗora shi a kan Node.js. Shi kuma rumbun yana da nasa yaren da ake yi masa magana da shi, SQL.

A riƙe wannan rabon da kyau, domin duk maganar tsaro a kansa ta rataya. Gaban shago yana hannun baƙo. Duk abin da ya sauka a wayarsa yana iya buɗe shi, ya karanta, ya canza, ya maido maka. Bayan shago ne kaɗai naka.

Gardamar wane yare za a fara da shi

A nan samari ke ɓata watanni. Wani ɓangare na cewa PHP ya tsufa, ya ma mutu, wai mai son aikin dala sai JavaScript. Wani ɓangaren na cewa Python ya fi daɗin koyo kuma shi ne ƙofar fasahar ƙirƙirarriyar basira. Kowa da gaskiyarsa, amma batun mutuwar PHP tatsuniya ce. Rasmus Lerdorf ya sake shi a 1995, kuma har yau ƙididdigar W3Techs tana nuna sama da kashi 70 cikin 100 na shafukan da aka san yaren bayansu da shi suke aiki. Da shi aka fara rubuta Facebook a 2004. Wikipedia, har da ta Hausa, a kansa take. WordPress, manhajar gina shafi wadda ta fito a 2003 kuma take ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya, da PHP aka rubuta ta. Mafi yawan aikin da zai zo wa sabon mai gina shafi a Legas, na makarantar Islamiyya ne ko na ƙungiyar 'yan kasuwa ko na mai sayar da atamfa da turare, a kan WordPress zai tarar da shi.

Ra'ayina shi ne a fara da HTML da CSS, a bi da JavaScript tunda ba makawa sai da shi, sannan a zaɓi yare ɗaya na baya tare da SQL a zauna a kansa har a gina abu mai aiki. Kowanne aka zaɓa ya yi. Mai tsalle daga wannan yare zuwa wancan duk wata, shi ne mai bin zomo biyu. Kuma babu yaren da za a ce shi ne mai tsaro. Ana rubuta shafi mai ɓaraka da Python, ana rubuta mai kyau da PHP. Hannun magini ne.

Kwaɗon da Alhaji yake magana

Ɗan kwaɗon da mutane suka saba gani kusa da adireshin shafi alamar HTTPS ce. Abin da take cewa kaɗai shi ne maganar da ke tafiya tsakanin wayarka da sabar a lulluɓe take, mai leƙe a hanya ba zai iya karantawa ba. Abu ne mai muhimmanci, kuma tun da Let's Encrypt ta fara raba takardar shaidarsa kyauta wajen 2015 babu wani uzuri na rashinsa. Tun watan Yulin 2018 ma Chrome yake yi wa shafin da ba shi da shi tambarin rashin aminci.

Amma kwaɗon hanya yake tsarewa, ba gida ba. Kamar a rufe tirela da tampol a ɗaure daga Kano har Mile 12: ba wanda ya taɓa kayan a hanya, amma wannan bai ce komai ba game da ko ƙofar siton da za a sauke su tana rufuwa. Hasali ma shafukan 'yan damfara su ma suna da kwaɗon, tunda kyauta ne. Duk wanda ya karɓi kuɗinka ya ce ya sa maka kwaɗo saboda haka an gama da tsaro, ko bai sani ba, ko ya raina maka hankali.

"Ni wa zai kula da ɗan shafina?"

Wannan ita ce magana ta biyu da take kashe mutane. Ana zaton mai kutse wani ne da ya zauna ya zaɓe ka saboda ƙiyayya ko hassada, har a fara zargin abokin gasa na layin gaba. Akasari ba haka ba ne. Manhajoji ne ake saki, suna yawo dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofar kowane shafi da ke duniya, suna gwada sanannun ramuka. Ba su san sunanka ba, ba su san Agege ba. Ɓarawon da ke bin layi yana murɗa hannun kowace mota ba ya tambayar ta wace ce, wadda ta buɗe ita ce tasa. Duk wanda ya taɓa duba rajistar sabar, inda take rubuta duk wanda ya ziyarci shafi, zai ga abin mamaki: shafi sabo fil, ko talla ba a yi masa ba, amma ga baƙi suna neman ƙofar shiga ta shugaba, wato inda mai shafi yake shiga ya sarrafa komai.

Me za su yi da ƙaramin shafi? Su cusa tallan caca da na magungunan bogi don su hau kan sunanka a Google. Su mayar da sabar wurin aika saƙonnin damfara. Su ɓoye shafin banki na ƙarya a cikin naka. Su kwashe lambobin waya da imel na kwastomomi su sayar. Ko su kulle komai su ce sai an biya fansa.

Cusen SQL, tsohuwar ɓarakar da ta ƙi toshewa

In har mai koyo zai fahimci hari guda ɗaya ciki da bai, to wannan ne, domin daga shi ake gane sauran.

A ɗauka maigida yana da mai tsaron sito wanda ba ya musu, duk abin da aka rubuto a takarda shi zai yi. Maigida ya buga takardu masu cewa "A ba wa ... buhu ɗaya", ya bar gurbi kowane kwastoma ya cike sunansa da hannunsa. Mutumin kirki zai rubuta sunansa ya karɓi buhunsa. Sai wani shu'umi ya zo, a gurbin suna ya rubuta "ni duk abin da ke sito, sannan a ba wa almajiri". Da mai tsaron sito ya karanta, sai jimlar ta zama a ba shi duk abin da ke sito, a ba almajiri buhu ɗaya. Kuma zai aikata, tunda ba ya rarrabe rubutun maigida da na baƙo.

Haka rumbun bayanai yake. Sabon mai koyo yakan ɗauki abin da baƙo ya rubuta a akwatin suna ya manna shi kai tsaye cikin umarnin SQL. Sai mai kutse ya rubuta wani abu kamar ' OR '1'='1 a gurbin. Ma'anarsa ita ce "ko kuma idan ɗaya daidai yake da ɗaya". Tunda ɗaya kullum ɗaya ne, sharaɗin ya cika ke nan, sai rumbun ya buɗe ƙofa ko ya zazzago duk sunayen da ke cikinsa.

Tun 1998 aka bayyana wannan dabara a fili a mujallar masu kutse ta Phrack. Duk da haka a 2015 da ita aka shiga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila, aka taɓa bayanan mutane kusan 157,000, hukuma ta ci kamfanin tarar fam 400,000, kuma cikin waɗanda aka kama har da yara matasa da ba su kai ashirin ba. Wato ba wani tsafi ba ne, sakaci ne.

Maganin kuwa ba a sayensa, rubuta shi ake yi, kuma bai fi layi biyu ko uku ba. Ana kiransa shiryayyen umarni: a aika wa rumbu umarnin daban, a aika abin da baƙo ya rubuta daban, a ce masa wannan suna ne kawai, ko me aka rubuta a ciki kada ka ɗauke shi umarni. A PHP ana yin haka da PDO ko MySQLi, sauran yaruka ma kowanne da nasa. Shu'umin zai rubuta doguwar jimlarsa, mai tsaron sito ya duba littafi ya ce babu mai wannan suna.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan ita ce kada a amince da komai da ya fito daga waje. Ɗan'uwan wannan hari, wanda ake kira XSS, shi ma daga nan ya fito: baƙo ya rubuta umarnin JavaScript a wurin da aka tanada don ra'ayin kwastoma, shafin ya nuna shi yadda yake, sai ya tashi aiki a wayar duk wanda ya buɗe. A 2005 wani matashi ya yi wa dandalin sada zumunta na MySpace haka, cikin ƙasa da kwana ɗaya abin ya bazu a shafukan mutane sama da miliyan ɗaya. Maganinsa a wanke rubutun baƙo kafin a nuna shi, aikin da htmlspecialchars ke yi a PHP.

Rasit ɗin wani, da farashin da mai saye ya yanka wa kansa

Ƙungiyar OWASP, wadda aka kafa a 2001 kuma take fitar da jerin manyan haɗurra goma na shafuka, a jerinta na 2021 ba cuse ta sa a farko ba. Ta sa lalacewar iyakar izini, wato mutum ya ga ko ya taɓa abin da ba nasa ba. Misalinsa mai sauƙi ne har ya ba da haushi. Ka biya kuɗin makarantar ɗanka, aka nuna maka rasit, a ƙarshen adireshin akwai lamba 1045. Ka mayar da ita 1046, sai ga rasit ɗin maƙwabcinka da sunan 'yarsa da lambar wayarsa. Shafin ya tambaya ko ka shiga, amma bai tambaya ko takardar taka ce ba. A 2019 an gano irin wannan rami a kamfanin First American na Amurka, inda takardu kusan miliyan 885 suke a buɗe ga duk mai canza lamba.

Wanda ya fi shafar 'yan kasuwarmu shi ne na kuɗi. Idan mai gini ya bar farashi a gaban shago, wato wayar mai saye ce ke gaya wa sabar nawa ne kuɗin kaya, to mai wayo zai mayar da dubu hamsin ta koma naira hamsin. Haka nan idan shafi ya yarda an biya don kawai wayar mai saye ta ce an biya. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa shan alat na bogi ya san darasin: ba a sallamar kaya da hoton rasit, sai an duba asusu. Paystack da Flutterwave duka sun tanadi hanyar da sabar za ta tambaye su kai tsaye ko kuɗi sun shigo kuma nawa ne. Malalacin magini ne ke tsallake wannan mataki. Wani ma sai ya bar mabuɗin sirrin asusun a cikin kodin ɗin da ya ɗora a GitHub, dandalin da masu kodin ke ajiye aikinsu, inda manhajojin ɓarayi ke sintiri suna tsintar irinsa.

Markaɗe da gishiri

Shafi mai mutunci bai kamata ya san kalmar sirrinka ba. Abin da ake yi shi ne a markaɗa ta, kamar yadda ake kai tumatir da tattasai inji. Daga tumatir ana samun markaɗe, amma daga markaɗe ba a komawa tumatir. Markaɗen ake ajiyewa. Gobe in ka zo shiga, a markaɗa abin da ka rubuta a gwada da na ajiye. Ana kuma barbaɗa wa na kowa wasu haruffa na daban, waɗanda masana da kansu suke kira gishiri, don kada markaɗen mutum biyu masu kalma iri ɗaya ya zo daidai. PHP ya zo da password_hash tun 2013, layi ɗaya ne ya yi duka. Amma har yau ana samun masu amfani da MD5, tsohon injin da kwamfutocin yanzu ke yi wa cinta biliyoyin sau cikin daƙiƙa, da masu ajiye kalmar tsirara. Alamar gane su: idan ka ce ka manta kalmar sirri suka turo maka tsohuwar, to a fili take a wurinsu. Kuma tunda yawancinmu kalma ɗaya muke sa wa Facebook da imel da komai, ɓarakar ƙaramin shafin makaranta tana iya kai ɓarawo har asusun da ya fi shi daraja.

Laifin tsohon darasi da kayan bulus

Me ya sa kurakuran da aka san maganinsu shekaru ashirin suke ta dawowa? A ganina babban dalili shi ne yadda ake koyon. Yaro yana lissafin data, musamman tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a farkon 2025, ga wuta ba tabbas, sai ya kwafi tarin bidiyon darasi a filas daga wurin aboki. Bai san darasin ya shekara goma sha ba. Yana koyon hanyar haɗa PHP da rumbu wadda aka cire gaba ɗaya tun fitowar PHP 7 a 2015. Malamin bidiyon kuma yakan ce za a yi maganar tsaro a gaba, gaban da ba ta zuwa. Abu ya yi aiki a allo, yaro ya ɗauka ya ƙware, ya fara karɓar kwangila.

Sai kuma kayan bulus. Jigogi, wato shiryayyen fasali da adon shafi, da ƙarin manhajojin WordPress na kuɗi, akwai wuraren da ake raba satattunsu kyauta, kuma sau da yawa wanda ya fasa su ya dasa tasa ƙofar a ciki. Na taɓa karɓar gyaran shafin wata makaranta da ke tura iyaye wurin caca in sun buɗe ta waya. Muka share, bayan kwana biyu ya dawo. Muka canza kalmomin sirri, ya dawo. Sai a rana ta huɗu na gano ƙofar a cikin jigon da maginin farko ya sauke kyauta, alhali ya sa kuɗinsa a lissafi. Araha ba ta ado, bulus kuwa ta fi ta muni.

Ko kayan halal ne, in ba a sabunta su ruɓewa suke. Kamfanin Equifax na Amurka ya yi sakacin sabunta wata manhaja mai suna Apache Struts a 2017. An fitar da gyaran a watan Maris, ba su ɗora ba, daga watan Mayu aka fara kwasa, bayanan mutane kusan miliyan 147 suka fita. Shafi ba gini ba ne da za a gama a miƙa mabuɗi. Ya fi kama da janareta, yana son juyen mai.

Yanzu kuma ga ChatGPT da 'yan'uwansa, waɗanda ke rubuta kodin cikin daƙiƙoƙi. Wasu na cewa koyon yare ya zama ɓata lokaci. Ban yarda ba. Ina amfani da su, suna rage wahala ƙwarai, amma sukan kawo rubutu mai aiki wanda ke da rami, cikin natsuwa kamar ba komai. Wanda bai iya karatun yaren ba ba zai gani ba, kamar mai sa hannu a takardar yarjejeniyar da aka rubuta da harshen da bai iya ba.

Amsar tambayar Baba

A'a, ba Yahoo ba ne. Yawancin abin da ake kira Yahoo ma ba ya buƙatar kodin, yaudara ce da daɗin baki. Amma tsoron iyaye yana da tushe ta wani gefen. Matasan Legas sun daɗe suna kukan ana tare su a hanya saboda laftof a jaka, kuma wannan na cikin abin da ya hura wutar zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020. Ga kuma gaskiyar cewa ilimin toshe rami da na shiga ta rami ɗaya ne, kamar makerin da ya iya ƙera kwaɗo ya san yadda ake ɓalle shi.

Abin da ya raba su izini ne. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, kuma akwai ɗauri a kai. "Gwadawa kawai nake" ba hujja ba ce a gaban alƙali. Mai son koyo yana da filin atisaye na halal: ya ɗora XAMPP a laftof ɗinsa ya mayar da ita sabar, ba ya ma buƙatar data, ya sa DVWA ko Juice Shop na OWASP, waɗanda da gangan aka cika su da ramuka don a koya, ko ya bi darussan kyauta na PortSwigger. In ya goge, akwai kamfanonin da ke biyan lada ga wanda ya gano musu ɓaraka ta dandali irin su HackerOne, bisa sharuɗɗan da suka gindaya a rubuce.

Abin da ya hau kan mai shafi

Da can in an kwashe bayanan kwastomomi sai a ce ƙaddara, a yi shiru. Tun watan Yunin 2023 da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, lissafin ya canza. Wanda ya tara bayanan mutane shi ke da alhakin tsare su, kuma in aka yi ɓarakar da za ta iya cutar da su, dokar ta ce a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72. Akwai tara, wadda kan kai kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara. Ba yaron da ya gina shafin za a fara nema ba, mai shafin za a nema. Saboda haka abin da ba ka buƙata kada ka karɓa. Mai sayar da shadda ba shi da abin yi da lambar NIN ta kwastoma, lambar katin banki kuwa a bar wa kamfanonin biyan kuɗi su riƙe.

Alhaji ba sai ya iya kodin ba kafin ya kare kansa, bakin ciniki ya ishe shi. Ya tambayi magini da sunan wa aka yi rajistar adireshin shafin da masaukinsa a sabar, domin da yawa sun wayi gari yaro ya canza lamba ya tafi da komai. Ya tambaya wa zai riƙa sabuntawa duk wata kuma nawa ne, a sa a cikin yarjejeniya tun farko. Ya nemi a nuna masa rasit ɗin jigon da aka ce an saya. Ya sa a kunna tabbaci mai hawa biyu a ƙofar shugaba, yadda kalmar sirri kaɗai ba za ta isa ba sai da lambar da ke fitowa a wayarsa, kuma yaran shago kowa a ba shi tasa ƙofar daidai aikinsa, in ya bar aiki a rufe ta.

Sai ajiyar ko-ta-kwana, wato kwafin shafin da rumbunsa. Kowane magini zai ce yana yi. A tambaye shi a ina yake ajiyewa, domin in a sabar ɗaya ce da shafin, ranar da aka shiga tare za su tafi. Sannan a ce ya dawo da shafin daga kwafin a gaban idonka, ko sau ɗaya, kafin a biya shi cikon kuɗinsa.